Yadda ake rage tsawon sandar fotenshiyomita ba tare da an lalata cikinsa ba

Ka gama haɗa 'yar amfilifaya, ko na'urar rage gudun ƙaramar fanka, ko akwatin gyara sautin jita. Ka huda akwati, ka zura fotenshiyomita, wanda masu gyaran rediyo suka fi kira boliyum, ka ɗaure noti. Da ka ɗora hular murɗawa sai ta tsaya can sama, tsakaninta da fuskar akwati akwai ratar da yatsa zai shige. Aikin yana yi, amma ido bai kwanta da shi ba. Ba maganar kyau kaɗai ba ce kuma: sanda mai tsawo ta fi saurin lanƙwashewa idan akwatin ya faɗi, kuma duk bugun da hular ta sha kai tsaye yake wucewa ciki.

Kamfanoni suna yin sandar da tsawo da gangan, don ba su san kaurin akwatinka ko zurfin hularka ba. Akwai mai milimita 15, da 20, da 25, wasu masu sandar roba har 50. Ragewa aikin mai haɗawa ne, kuma bai fi na minti goma ba. Sai dai a cikin minti goman nan mutane da yawa ke kashe sabon fotenshiyomita, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne: sun matse jikinsa a bais, wato ƙarfen teburin aiki mai baki biyu da ake damƙe abu da shi, suka kama yankan sanda.

Abin da ke maƙale a ƙarshen sandar

Idan ka buɗe wani tsoho da ya mutu, za ka fahimci komai. A ciki akwai wani siririn layi mai siffar kofaton doki, galibi na kabon, wanda ƙafafu biyu na gefe suke haɗe da bakinsa biyu. A kansa akwai ɗan harshen ƙarfe mai laushi, bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba, wanda yake gogar layin idan ka murɗa. Shi ne ke haɗe da ƙafar tsakiya. Harshen yana zaune a kan wani faifan roba da aka dasa a gindin sandar, kuma a jikin faifan akwai ɗan ƙulli da ke tsayar da juyawa idan an kai ƙarshe, wajen digiri 300 a yawancinsu.

To, duk lokacin da zarto ya ja gaba ya dawo baya, idan jikin ne a matse, sandar ce ke rawa. Rawar tana bi ta wuya, wato bututun mai zare da sandar ke fitowa ta cikinsa, ta isa faifan, harshen ya karkace ko ya daina danna layin yadda ya kamata. Daga waje ba za ka ga komai ba. Sai ka kunna na'ura ka ji ƙarar kar-kar idan ana murɗawa, ko sauti ya ɗauke a wani wuri ya dawo. Ni ma haka na yi asarar na farko da na taɓa yankawa. Na yi kwana biyu ina zargin wayoyi da sodar da na yi, alhali tun a bakin bais na gama da shi.

Saboda haka duk abin da zai biyo baya a kan abu biyu ya ginu: ƙarfin yanka kada ya bi ta cikin jiki, garin ƙarfe kuma kada ya shiga ciki.

Dubi irin sandar da ke hannunka

Akwai mai zagaye sumul, wadda hularta ke da ɗan sukuru a gefe. Wannan ce mafi sauƙin yankawa, ko'ina ka yanke daidai ne. Kaurinta yakan zama milimita 6 ko milimita 6.35, wato rubu'in inci. Bambancin kamar ba komai ba, amma hular 6 ba ta shiga sandar 6.35, hular 6.35 kuma takan zauna a karkace a kan sandar 6.

Akwai mai gefe ɗaya a shafe, wadda idan ka kalle ta daga sama take kama da harafin D. Akwai kuma mai haƙora a jiki da tsaga a tsakiya, wadda ake danna mata hula kawai. Haƙoran galibi 18 ne, kamar na kamfanin Alpha, amma wasu na jita irin na CTS suna da 24, kuma hular wannan ba ta shiga wancan.

A nan akwai abin lura. Shafaffen gefen da haƙoran ba su kai har gindin sanda ba, iyakarsu sashen sama. Idan ka yanke da yawa, za ka tashi da guntun sanda sumul wanda hular dannawa ba ta da abin kamawa a jikinsa. Tun kafin ka ɗauki zarto, duba nawa ne zai rage daga haƙoran. Idan abin da zai rage bai kai milimita 5 ko 6 ba, ka shirya komawa hula mai sukuru.

Sannan ka duba da me aka yi ta: alminiyam, tagulla, roba, ko baƙin ƙarfe. Uku na farko suna da laushi. Baƙin ƙarfe yana cin lokaci, amma hanyar ɗaya ce.

Wataƙila ba sai ka yanke ba

Idan ratar milimita 2 ko 3 ce kawai, ƙara washa ko noti na biyu a kan wuyan mai zare ta cikin akwati. Fotenshiyomitan zai koma baya, sandar ta nutse. Iyakar wannan dabara ita ce tsawon wuyan, don dole ya rage zaren da notin waje zai kama sosai. Hula mai zurfin rami ma tana haɗiye ratar. Idan waɗannan ba su wadatar ba, sai yanka.

Awo

A nan na fi so ka ɓata lokaci, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Kada ka yi awo da fotenshiyomita a tafin hannu, kuma kada ka dogara da tsawon da aka rubuta a takardar bayaninsa kaɗai. Yawancin kamfanoni suna ƙirga tsawon daga inda jiki ke jingina da akwati, wato har da wuyan mai zare a ciki. Wanda bai san haka ba zai yi lissafi ya yanke fiye da kima.

Hanyar da ba ta kuskure ita ce ka ɗaura komai yadda zai zauna a ƙarshe. Zura shi a ramin akwati, ka tabbata ɗan kunnen nan da ke hana jiki juyawa ya shiga nasa ramin, ko kuma ka karye shi da filaya idan ba ka huda masa wuri ba. In ka bar shi yana tokare da akwati, jikin zai zauna a karkace, awonka ma ya karkace. Sa washa, ɗaure noti, ka ɗora hula har sai sandar ta taɓo ƙarshen raminta. Yanzu auna ratar da ke tsakanin gindin hula da fuskar akwati. A ce ka samu milimita 9. Kana son ya rage milimita ɗaya da rabi don kada hular ta riƙa gogar fenti. Abin da za ka cire daga saman sanda ke nan milimita 7 da rabi.

Idan hular irin ta dannawa ce mai tsauri, ba sai ka danna ta ka sha wahalar cirewa ba. Zura tsinken sakace a raminta, ka sa alama daidai bakin gindinta, ka auna. A ce zurfin 13 ne. Ƙara ɗaya da rabi, sandar za ta tsaya milimita 14 da rabi daga fuskar akwati.

Kafin ka yarda da lissafin, juya hular ka dubi gindinta. Wasu suna da faffaɗan rami da ke rufe noti, wasu a shafe suke. Idan taka a shafe take, ba za ta iya sauka ƙasa da bakin wuyan mai zare ba, don haka daga saman wuyan za ka fara ƙirga ratar, ba daga akwati ba. Haka kuma idan fotenshiyomitan yana da makunni na ja da turawa, ko kuma enkoda ce mai dannawa, wato makunnin murɗawa mai kama da boliyum da ke juyawa ba iyaka, sai ka bar wa hular filin da za ta sauka. In ka manta, za ka danna ka ji ta tokare da akwati kafin makunnin ya amsa.

Sa alama da siririyar maka, ko ka naɗa tef ɗin takarda yadda bakinsa zai zama layin yanka. Na fi son tef, don yana zagaye sandar ya nuna maka idan zarto ya fara kaucewa. Zarto da kansa yana cin kusan milimita ɗaya, saboda haka ka yanka ta ɓangaren da za a zubar. Ni nakan bar rabin milimita na magagari.

Gwaji na farko, sannan rufi

Kwance shi daga akwati. Ɗauki maltimita, wato na'urar awon lantarki, ka auna tsakanin ƙafafu biyu na gefe. Mai kilo'om 10 zai iya nuna tsakanin 8 da 12, don yawancin na kabon an yarda musu da bambancin kashi 20 cikin ɗari. Sai ka auna ƙafar tsakiya da ta gefe kana murɗawa a hankali, ka ga lambar tana hawa ba tsalle. Amfanin wannan shi ne, idan matsala ta fito daga baya, za ka san ko da ita ya zo ko kai ka jawo ta.

Murɗa sandar ta tsaya a tsakiya, nesa da inda take tokarewa. Sai ka rufe. Naɗa tef a inda sanda ta shiga wuya, don nan akwai giris ɗin da ke sa murɗawa ta yi santsi da ɗan nauyi, kuma garin ƙarfe yana manne masa. Jikin kuma, musamman tagar da ke kusa da ƙafafu, ka sa shi a 'yar leda, sandar ta huda ta fito, ka ɗaure da tef. Garin alminiyam da na tagulla suna ɗaukar lantarki, kuma maganaɗisu ba ya jan su. In sun shiga, fitar da su sai an sha wuya.

Kamawa

Matse ƙarshen sandar, wato guntun da za ka zubar, a bakin bais. Jikin ya tsaya a iska ba abin da ya taɓa shi. Layin yanka ya kasance dab da bakin bais, don sanda ba ta rawa a kusa da inda aka matse ta. Yanzu duk ƙarfin zarto a bais yake ƙarewa. Sandar ta kwanta a miƙe, ko jikin ya ɗan fi ta tudu, don gari ya zuba ƙasa maimakon ya gangara wuya.

To idan guntun milimita 3 ne, bais ba shi da abin kamawa fa? A nan ɗan katako ke aiki. Samu katako mai kauri daidai da tsawon sandar da kake son ya rage a saman wuya. Huda shi da bakin diril mai kaurin sandar, sannan ka tsaga shi da zarto daga gefe har cikin ramin. Zura sandar ta fito ta ɗaya ɓangaren, ka matse katakon a bais. Tsagar za ta rufe, katakon ya damƙe sandar ta ko'ina ba tare da ya yi mata tabo ba. Sai ka jingina zarto da fuskar katakon ka yanke abin da ya leƙo. Wannan dabara ta fi ta farko ma, don tana riƙe sandar tsakanin zarto da jiki. Kuma idan kana da fotenshiyomita shida da za su jeru a fuskar akwati ɗaya, katakon nan zai fitar da su tsawo ɗaya ba sai ka sake awo ba.

Idan ba ka da bais, filaya mai kulle kanta za ta iya riƙe guntun, ka danne ta a bakin tebur.

Yanka

Ƙaramin zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, 32 a kowane inci, shi ya fi dacewa. Mai manyan haƙora yana sarƙewa a siririyar sanda yana fizgarta. Fara da jan zarton baya sau uku ko huɗu don ya yi wa kansa hanya, ko ka ɗan ƙarta layin da gefen magagari. Daga nan ka riƙa tura shi a hankali, kada ka danna, nauyinsa ya isa. Ɗaya hannun yana tallafe da jikin fotenshiyomitan, tallafi kawai, ba riƙo ba.

Idan ka kusa ƙarshe, sassauta. Kada ka lanƙwasa ragowar don ta karye, za ta bar maka ƙaya a baki, kuma lanƙwasawar ita ce irin ƙarfin da muke gudu. Bari zarto ya gama aikinsa, jikin ya sauko a tafinka maimakon ƙasa.

Wasu suna amfani da ƙaramin injin hannu irin Dremel mai faifan yanka. Yana da sauri kuma ba ya girgiza sanda sosai, amma yana kawo zafi, zafin kuma yana bin ƙarfe ya narkar da giris, har ya taɓa faifan robar ciki. In za ka yi da shi, yanka kaɗan ka dakata, ka taɓa sandar da yatsa. Idan ba ka iya riƙe ta ba, jira ta huce. Tabarau na kariya dole ne, don faifan siriri ne kuma yana fashewa. A sandar roba kuwa injin narkar da ita yake yi, zarton hannu ya fi.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne datsewa da filayar yankan waya. A sandar ƙarfe tana murƙushe baki, kuma bugun da ake ji idan ta datse yana shiga ciki. A ta roba takan tsaga ta a tsaye, tsagar ta wuce inda kake so.

Mai tsaga tana son kulawa ta daban

Ɓangarorinta biyu sirara ne, galibi na alminiyam, kuma alminiyam ba ya jure lanƙwasa a mayar. Kafin ka matse ta, cusa wani abu a tsagar ya cika ta: guntun tsohon katin roba, ko siririn ƙarfe mai kaurin tsagar. Matse ta yadda bakin bais zai danna gefunan tsagar, ba yadda zai haɗe ɓangarorin biyu ba. Zarto kuma ya ratsa su biyun a lokaci ɗaya, kada ya gama da ɗaya sannan ya faɗa kan ɗaya.

Idan bayan yanka hular ta yi sako-sako, za ka iya buɗa tsagar kaɗan da bakin sukundireba. Kaɗan nake nufi, kamar kaurin gashi biyu. Da yawa sun karye ɓangare ɗaya a nan, bayan sun gama yanka lafiya.

Gyaran baki

Sabon yanka yana da kaifi da ƙaya. Riƙe sandar da yatsu ko cikin katakon nan, bakinta yana kallon ƙasa, ka daidaita saman da magagari mai laushi. Sannan ka zagaye gefen ka ɗan kashe kaifinsa. Wannan 'yar gangara ita ke sa hula ta shiga ba tare da ta kankare cikinta ba. A mai haƙora, bi tsakanin haƙoran da bakin allura ko burushi ka fitar da abin da ya maƙale. A ta roba, samfefa ta isa.

Idan sandar D ce kuma shafaffen gefen ya gajarce, ƙara shi ƙasa da magagari, kana bin fuskar da ke nan don kada ya karkace. A sandar milimita 6, kaurin da ke ragewa a wurin shafewar yakan zama 4.5. Ci kaɗan ka gwada hula, ci kaɗan ka gwada. Sanda mai zagaye ma tana amfana da ɗan shafaffen wuri inda sukuru zai zauna, don hular ba za ta riƙa zamewa ba. Amma kada ka yi shi sai ka ɗaura komai ka ga inda layin hular ke nunawa.

Goge sandar da tsumma mai ɗan sifirit, ka kakkaɓe ledar, sannan ka kwance tef ɗin, har yanzu bakin yana ƙasa. Kada ka hura da baki ko iska mai ƙarfi wajen wuya, tura garin ciki za ka yi. Kada kuma ka fesa man wanke makunni a wuyan, zai wanke giris ɗin, sandar ta koma juyawa fayau ba nauyi.

Gwaji na biyu da ɗora hula

Maimaita awon maltimita. Gefe da gefe su ba ka lambar ɗazu. Tsakiya da gefe su hau su sauka ba yankewa. Ja sandar ka tura ta a hankali, bai kamata ta yi wasa fiye da yadda take yi da farko ba. Idan kana jin ƙasa-ƙasa a murɗawa, gari ya shiga wuya. Juya shi ƙasa ka yi ta murɗawa kana gogewa, sau da yawa yana fitowa.

Wajen danna hula, sa babban yatsa a bayan fotenshiyomitan ka tare shi. Murfin bayan da 'yan kunnuwa huɗu kawai aka lanƙwasa aka riƙe shi, dannawa da ƙarfi tana iya tura sandar ta ɓalle shi. Guduma ba ta da wuri a nan. Murɗa sandar har ƙarshen hagu, ka saita layin hular a inda kake son farkon ya kasance, sannan ka danna. Idan hula mai sukuru za ka sa a sanda mai tsaga, sukurun ya fuskanci bakin tsagar, don in ya danna ɓangare ɗaya daga gefe zai rufe ta, hular ta zauna a karkace.

Idan an riga an yi masa soda a allo

Ya fi kyau a yanka tun kafin soda. In ya riga ya zauna, cire shi in da hali. In babu, rufe allon gaba ɗaya da leda, sandar kaɗai ta leƙo, ka kama guntun a bais, wani ya tallafe maka allon. Ƙwayar gari ɗaya tsakanin ƙafafun ƙaramin aisi, wato ɗan baƙin ƙulli mai ƙafafu da yawa da ke kan allo, ta isa ta ƙona shi. Na'urar da ke aiki da wutar gida kuwa, zare ta daga soket tukuna, kuma ka tuna manyan kafasito suna riƙe caji bayan an kashe. A irin waɗannan na'urori, kamar masu rage hasken fitila, sandar roba ko hular roba wani lokaci ita ce katangar da ke tsakanin hannun mutum da lantarki. Rage tsawonta in ka ga dama, amma kada ka musanya ta da ta ƙarfe, kuma kada ka yanke ta har hular ta kasa rufe noti da wuya.